Itacen da Baba Ya Mayar wa Rafi

Mahaifina kafinta ne, irin waɗanda idan sun shiga gidan mutum gaisuwa ba sa zama sai sun girgiza kujerar sun ji ko tana rawa. Kakanmu ne ya taso daga Zariya ya zauna a Jalingo, mu kuma a unguwar Sintali aka haife mu, a gidan da shagon Baba yake manne da zaure. Duk abin da ya karkace a duniya, Baba gani yake da gangan aka yi don a ɓata masa rai. Ya taɓa tashi daga cin abinci a gidan biki saboda ya lura an tokare ƙafar teburin da murfin kwalba.

Da aka mai da garinmu babban birnin jiha, ofisoshi suka tsiro ko'ina, kowanne yana neman tebur da benci da kabad ɗin ajiye fayil. Baba ya yi shekara biyu yana aiki ba ɗaga kai, ya samu abin hannu, sai kuma ya kamu da ciwon da ke kama ɗan birni idan aljihunsa ya yi nauyi, ya ce noma zai yi. Mutumin da bai taɓa shuka ko barkono a gwangwani ba ya je ya sayi gona a hanyar Iware. Ni a lokacin akawu ne a ɗaya daga cikin sababbin ofisoshin, na haura talatin, ban yi aure ba, kuma ina da babur. Wanda yake cikin wannan hali ba shi da bakin cewa yana da uzuri, don haka duk Asabar da Lahadi ni ne direban Baba.

Gonar tana da kyau, ba zan yi mata ƙarya ba. Wani ɗan rafi ya ratsa gefenta na gabas, wanda tsalle ɗaya ya isa a tsallake shi, yana tafe yana lanƙwasa abinsa. Malmo da ɓaure sun yi masa rumfa, cikinsa kuma cike da gumagumai da suka faɗa tun ba a san ranar ba, ga kututture, ga rassa da ganye ya maƙale a jikinsu. Ruwa yakan kwanta a bayansu gurbi-gurbi har cikin bazara. Ranar da muka fara zuwa na ga tarwaɗa ta juya a wani gurbi, na nuna wa Baba. Bai ko kalla ba, idonsa yana kan gumaguman.

"Wannan ƙazanta fa?" ya ce. "Dubi maɗaci kwance a ruwa yana ruɓewa, a garin da ake neman katako ido rufe. Mutanen nan ba su san arziki ba."

Cikin rani ɗaya ya gyara rafin. Ya ɗauko 'yan ƙwadago da masu zarto, aka janye gumaguman, masu kyau aka yanka katako, sauran aka faskara. Bishiyoyin bakin gaɓa ya ce za su yi wa masara inuwa, aka kwantar da su. Inda rafin ya yi lanƙwasa biyu, Baba ya ja igiya daga wannan turke zuwa wancan, ya sa aka haƙa masa sabuwar hanya miƙaƙƙiya. Da aka gama ya tsaya ya rufe ido ɗaya yana hangensa yadda yake yi wa katako, ya ce yanzu ne ya zama rafi. Inna kuwa ta fi shekara ba ta sayi itace ba. Tsakar gidanmu ta cika har maƙwabta na zuwa roƙo, tana ba su tana cewa ai noma albarka ne.

Gonar da ke sama da tamu ta wata tsohuwa ce 'yar Mumuye, wadda kowa a wurin yake kira Mama. 'Yar ƙarama ce, ba ta rabuwa da lofe a baki, kuma takan dafa burkutu ranar kasuwa. Hausarta ta kasuwa ce, kowa namiji ne a bakinta, mace da saniya da mota duk "shi" ne. Duk kwanakin da ake aikin nan tana tsaye a kan iyakarta tana zuƙar taba tana kallo. Ranar da aka kwashe gungumen ƙarshe ta yi magana.

"Kafinta, ka gama aske shi?"

"Na gama gyara shi," in ji Baba.

"To. Za ka gan shi."

Baba ya ce mini a hanya irin wannan magana ita ake kira hassada.

Damina ta farko ba mu ga komai ba sai sauri. Ana ɗauke ruwan sama, rafin zai cika ya wuce da gudu, jajawur, kafin la'asar ya zama kamar ba a yi ba. Baba ya ce haka ake so, ruwa mai aiki ba ya zama. A damina ta biyu sai ya fara haƙa. Inda da nake tsallakewa da tsalle ɗaya, sai ga shi ina sauka ina hawa da hannu. Gaɓa ta riƙa zaftarewa, yau ta tafi da kunya biyu ta doya, gobe uku. Wata Asabar muka iso muka tarar da rogon da muka shuka a bakin gaɓa yana lilo a sama, saiwarsa a waje. Da rani ya shigo kuwa, tun kafin a gama sussukar dawa rafin ya bushe ƙurmus, 'yar rijiyar da Baba ya sa aka tona kusa da bukka ita ma ta bi shi. Muka koma ɗauko ruwan sha daga gari a jarka, ni da Baba da jarka a kan babur ɗaya.

Maganin Baba na farko siminti ne. Ya kawo magini aka gina katanga a tsakiyar rafin, aka shafe ta sumul, har ya rubuta Bismillah da ƙusa tun simintin yana ɗanye. Ruwa na uku da aka yi a damina ta gaba ya haƙe ƙarƙashinta ya tafi da ita ɗungurungum. Bayan mako biyu muka same ta can ƙasa a gonar wani mutum, kwance, ba ta ko tsage ba, ya shanya kuɓewa a kai. Da ya gane mu ne masu ita ya yi ta godiya, ya ce bai taɓa samun wurin shanya mai kyau irin wannan ba.

Daga nan Baba ya shiga neman mai laifi. Ya zargi magini, ya zargi kamfanin siminti, ya zargi gwamnati. Da waɗannan suka ƙare ya dawo kan Mama. Ya ce shi fa ya lura, rani ya yi nisa amma kullum tana wucewa da tulu a kai, kuma alayyahonta kore shar. Ruwa daga wajenta yake gangarowa, saboda haka ita ta tare shi. Ya sa hularsa ta zuwa ɗaurin aure, ya ce in biyo shi in zama shaida.

Muka bi cikin rafin da ƙafa, yashi mai zafi yana shiga takalmi. Muna tsallake iyaka sai wurin ya canza. Ga inuwa, ga sanyi, ga irin ƙazantar nan da Baba ya kashe kuɗinsa ya kwashe: wani ƙaton ɓaure ya faɗi ya gitta rafin, tarkace ya taru a jikinsa, yashi ya cika bayansa, ƙasa da shi kuma ga ruwa kwance har gwiwa, kwaɗi suna ta tsalle. Gaba kaɗan wani kututturen, da wani gurbin. Babu katanga, babu madatsa. Mama tana zaune a kan gungume tana wanke ƙwarya.

"Kin tare mini ruwa," in ji Baba, ko gaisuwar kirki bai yi ba.

"Ni? Ina ƙofan da na rufe? Nuna mini."

Baba ya duba hagu ya duba dama.

"Ruwa yana zuwa wurinka," ta ce. "Duk yana zuwa. Amma ba wurin zama a gidanka. Ka kwashe kujera duka, kana so baƙo ya zauna a ina? Nan yana zuwa, ya buga itace, ya gaji, ya ajiye yashi, ya kwanta. Wurinka yana gudu kamar an kore shi. Mai gudu yana ci ƙasa."

A ce wa kafinta ba kujera a gidansa, ban san ko ta san abin da ta taɓa ba. Baba ya juya ba sallama. Kwana uku ba ya magana a gida sai abin da ya zama dole. A rana ta huɗu, bayan ya dawo daga sallar asuba, ya kira ni zaure ya ce wata dabara ta faɗo masa yana cikin lazimi: itace za a mayar cikin rafin. Na ce kai, Baba, wannan dabara ce babba, ko daga ina ta zo? Ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne lokacin da ta zo. Shekarun wahalar kananzir ne. Mata sukan wuni a layi da galan su dawo da shi wayam, rishon Inna ya zama wurin ajiye kwano, itace kuma ya yi tsadar da sai an yi ciniki kan ƙwara uku. Tsibin da ke tsakar gidanmu ya daɗe da ƙarewa. Kowace safiya motoci da mata da 'yan kura suna shigowa gari da itace daga daji. A cikin wannan hali aka ga akori-kura ta tsaya a ƙofar gidanmu ana loda mata katako za a fita da shi daji. Abokan Baba na majalisa suka fito kallo. Ɗaya ya tambaye shi ko gida zai gina a gona, ya ce a'a, a rafi zai zuba. Mutumin ya ce Allah ya ba da lafiya.

Da yake Baba Baba ne, bai iya zuba itace haka kawai ba. Ya auna faɗin rafin, ya yanka katako daidai wa daida, ya kafa ginshiƙai, ya buga ƙusa, ya yi wani shinge mai kyan da ya fi ƙofar ofishinmu. Ko allura ba za ta wuce ta tsakani ba. Ruwan farko ya zo ya tarar da hanya a rufe, bai tsaya jayayya ba, ya kewaya ta gefe ya ci gaɓar yamma, ya tafi da kusan rabin bukkarmu. Shingen yana nan tsaye ƙyam a tsakiya, ruwa na wucewa ta damansa.

Baba ba zai koma wurin Mama ba, wannan kowa ya sani. Sai ya ba ni goro da ƙullin sukari ya ce in je in gaishe ta, ai maƙwabciya ce, kuma idan hira ta kawo maganar rafi kada in katse ta. Na je. Ta karɓi sukarin, ta mayar mini da goron ta ce ba ta da haƙoransa, sannan ta ja ni cikin rafinta tana nuna mini da bakin lofe.

"Gaya ma Babanka, ba a tare ruwa. Sa masa ƙafa kawai. Itace mai kyau ba ya aiki. Nemo mai karkace, mai reshe, mai saiwa. Binne kansa cikin gaɓa sosai, jela ya kwanta cikin rafi. Buga turke ya riƙe shi. Bar rami-rami, ruwa ya wuce, yashi ya tsaya. Kada ka yi ɗaya babba. Yi ƙanana da yawa, nan, can, can."

Na kawo wa Baba saƙo. Ya saurara yana kallon gefe, ya ce dama abin da yake shirin yi ke nan.

Ranin da ya biyo baya na ga abin da ban taɓa zaton zan gani ba, Baba yana yawo yana neman karkataccen itace. Ya bi masu share gonaki yana sayen kututturen da suka tumɓuke. Ya bi inda ake sare bishiyoyi a unguwar Nukkai don gina gidajen ma'aikata, yana roƙon rassan da masu katako suka ƙi. Idan aka nuna masa miƙaƙƙen gungume sai ya shafa shi kamar zai yi kuka, ya wuce ya zaɓi wani mai kama da ƙafar raƙumi. Muka riƙa haƙa gaɓa muna cusa kawunansu, muna buga turakun ƙirya, muna cusa ƙananan rassa a tsakani. Tafin hannuna na akawu ya yi kanta. Baba yana aiki yana tsaki, don duk wanda muka gama idan ya ja baya ya duba sai ya ga ya fi na baya muni.

Ana cikin haka Inna ta kira ni kicin. Ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana, "kai" kawai take cewa.

"Kai, zo nan. Gaskiya ne abin da nake ji, itacen da ke cikin ramin nan ya kai mota uku?"

Na ce ya ma fi.

"Ni ina nan ina hura wuta da kwali da ɓawon rake, ubanka yana can yana ciyar da rami." Ta kalli murhu. "Ranar Laraba ba ya zuwa gona."

Na ce Inna, aiki nake zuwa ranar Laraba.

"Wane aiki? Wanda kuke wuni kuna karanta jarida ɗaya ku shida?"

Ba ta yi ƙarya ba. Laraba na zuwa na ajiye hulata a kan tebur don a ɗauka ina kusa, na hau babur na nufi hanyar Iware da gatari a cikin buhu. Na gaya wa kaina ƙananan rassa kawai zan ɗiba, waɗanda ba za a lura ba. Na shigo da su ta ƙofar baya, Inna ta faskara da kanta ta ɓoye a ƙarƙashin tsohuwar tabarma. Haka muka yi ta yi. Asabar in zuba itace a rafi tare da Baba, Laraba in kwaso wa Inna. Akwai wani reshen marke da na tabbata sau biyu ina ɗaukarsa, don na fasa sacewa na mayar, mako na gaba na sake ɗaukowa. Tuwon gidanmu ya dawo yana nuna a kan lokaci, Baba har yana yaba wa Inna da iya tattali.

Sai dai kafinta ba ya manta itacen da ya taɓa. Wata Asabar ya tsaya a kan wani tsibin itacen da muka jera a rafi ya ce akwai reshen kanya mai baki biyu a nan, ina yake? Na ce wataƙila gara. Ya ce garar da ke amfani da gatari? Ya nuna mini sabon sara. Ya bi sauran wuraren yana dubawa, fuskarsa tana ƙara haɗewa, sannan ya ɗaga kai ya kalli hayaƙin da ke tashi daga gidan Mama. Gobe kasuwa, tana dafa burkutu.

"Shi ke nan," ya ce. "Ta sa na tara mata itace a ƙofar gida. Dabarar ke nan tun farko."

Na ce Baba, a yi bincike dai. Ya ce binciken me, ga hayaƙi? Ya nufi iyaka yana ƙwala mata kira, ni kuma ina biye kamar wanda ake ja da igiya. Mama ta fito tana goge hannu. Baba ya zazzage mata, ya ce ya ɗauke ta maƙwabciyar arziki ashe ba haka ba ne, ya ce gaban mai unguwa za su je, kuma ga ɗansa nan shaida.

Mama ta cire lofe daga baki. Ba ta kalli Baba ba, ni ta kalla, ta daɗe tana kallona. Sau nawa ina ɗaure itace a babur ina hango ta a kan iyaka, ina ɗaga mata hannu tana ɗaga mini.

"Kafinta," ta ce, "ni ba ni da babur."

Ta nuna ƙasa da lofen. A kan yashin da ke gangarawa rafi ga sawun taya nan ɓaro-ɓaro, ya shiga ya fita, ya shiga ya fita. Baba ya bi sawun da ido har inda na jingine babur ɗina a gindin mangwaro. Ya je ya tsuguna ya dubi tayar baya, ya dawo ya dubi yashi. Ina tsaye, mutum mai shekara talatin da ɗoriya, ma'aikacin gwamnati, na buɗe baki abin da ya fito shi ne, "Inna ce ta aike ni."

Mama ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. "Mamanka ya aiko ka! Wayyo! Mamanka yana da hankali, ya san itace mai daɗin wuta."

Tun daga gona har Sintali Baba bai ko riƙe ni ba, ƙarfen bayan babur ya kama, duk ramin da muka faɗa. Muna shiga gida ya wuce kicin kai tsaye, wurin da ban taɓa ganin ya taka ba, ya ɗaga tabarmar. Ga reshen kanya nan, baki ɗaya ya rage.

Inna ba ta ko motsa daga kan kujerarta ba. "Malam, tuwon da ka ci jiya har ka nemi ƙari, da me kake tsammani aka dafa shi? Da addu'a?"

"Ashe rafina nake ci," in ji Baba.

"Shi ma ai ya ci gonarka."

Na zaci gidan zai kama da wuta. Sai Baba ya tsaya yana kallon murhun, da tarin kwalin da ke gefe, da idon Inna da hayaƙi ya mayar ja. Ya fita. Muka ji ƙarar guduma a shago har la'asar. Ya dawo da wata tsohuwar garwa da ya huda a gindi, ya tsayar da taɓarya a tsakiya, ya danƙare kewayenta da dusar katakon da ke zube a shagonsa tun shekara da shekaru, ya zare taɓaryar, ya kunna wuta ta ƙasa. Ta kama ta yi ta ci a hankali, ba hayaƙin kirki, har aka gama tuwo da miya ba ta mutu ba. Inna ta ce tukunya tana baƙi. Washegari kuma ta aika aka kira maƙwabta su zo su ga abin da Malam ya ƙera mata. Hukuncina ni kuwa shi ne in mayar da duk abin da na ɗiba, ninki biyu, kuma ranar Laraba, tunda ya tabbata ba ni da aikin yi a ranar.

Damina ta zo. Ruwan farko mai ƙarfi ya tumɓuke tsibi biyu ya tafi da su, sauran suka tsaya. Da muka je bayan kwana biyu sai muka ga ruwan ya bi ta cikin rassan, ya bar musu ciyawa da kara da ganye, ya toshe wasu ramukan da kansa. A bayan kowane gungume yashi ya kwanta. Kafin kaka wasu turakun sun nutse har wuya, sai da muka ƙara wani itacen a kai. Gaɓa ba ta daina zaftarewa gaba ɗaya ba, amma ta rage haɗama. Baba ya sassaro rassan ɓaure daga wajen Mama, ta hannuna, ya kakkafa a bakin rafin, wasu suka kama.

Sai a shekara ta biyu ruwa ya zauna. Ba kamar da ba, don ramin da aka yi shekara uku ana haƙawa bai cike duka ba har na bar garin. Amma wata ranar rani, bayan an daɗe da kai amfanin gona gida, Baba ya tona yashi da hannu a bayan wani kututture ruwa ya tsattsafo. Ƙasa da shi kuma ga ɗan gurbi, faɗinsa bai fi tabarma ba. Rijiya ta dawo. Kwaɗi suka dawo, sauro ma ya dawo da danginsa duka, har Baba ya kwanta zazzaɓi mako guda yana cewa ba sauron gona ba ne, na gida ne. Wani Bafulatani ya gano gurbin ya fara kawo shanu, suka yi ta rigima da Baba kan tumatirin da aka tattake, har suka daidaita aka ware wa shanu mashaya can ƙasa. Duk wanda ya zo kallo Baba zai zagaya da shi yana bayani, yana cewa shi dai Allah ne ya ba shi basira.

A ranin nan ne, wata Lahadi, ya ce in raka shi wajen Mama. Shekara biyu ke nan da maganar mai unguwa, kuma bai taɓa ce mata ta yi haƙuri ba. Wannan karon ma bai ce ba. Ya gaishe ta, ya tambayi jikoki, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce shi dai kafinta ne, idan akwai abin da take so a yi mata, ƙofa ko gado ko kujera, ta faɗa.

Ba ta yi dogon tunani ba. "Akwatin gawa."

Baba ya ce subhanallahi.

"Ni mai zuwa coci ne, da akwati za a sa ni. 'Ya'yana za su saya mai araha, ƙasa ya buɗe a hanya in faɗo. Yi mini mai ƙarfi."

Baba bai taɓa yin akwatin gawa ba, mu da likkafani muke tafiya. Ya ce ba a auna mai rai. Ta ce to ya jira ta mutu, ya ga ko za ta tsaya masa. Ta miƙe ta jingina da bangon ɗakinta, ya ciro tef ɗinsa yana istigfari ya auna ta. Ya yi aikin a can cikin shago, ƙofa a rufe, don kada 'yan majalisa su gani. Da maɗaci ya yi, ya goge shi har yana ɗaukar ido. Muka lulluɓe shi da tabarma muka kai a akori-kura.

Mama ta zagaya shi sau biyu, ta ƙwanƙwasa, ta miƙa mini lofenta ta ce in riƙe. Ta shiga ta kwanta, ta haɗa hannu a ƙirji, ta rufe ido. Baba ya kau da kai yana salati. Can ta buɗe ido ɗaya.

"Ya matse ni a kafaɗa."

"Awonki ne daidai," in ji Baba.

"Ni ina juyi in ina barci. Ƙara wuri."

Muka sake loda shi muka koma gari. Baba ya kwance gefe ɗaya ya ƙara faɗin tafin hannu, yana mita cewa a duk rayuwarsa ba a taɓa dawo masa da aiki ba sai wannan. Karo na biyu ta shiga ta juya dama ta juya hagu ta ce ya yi. Ta sa aka shigar mata da shi ɗaki, ta cika shi da gyaɗa, don ta ce murfinsa ya fi na rumbunta hana ɓera. Lokacin da aka yi mini canjin wurin aiki na je yi mata sallama, ta buɗe shi ta ɗebo mini gyaɗa cike da ƙwarya ta ce in ci a mota.